Maza Biyar a Los Angeles, 1981: Yadda Ƙanjamau Ke Katse Saƙo a Cikin Jini

A watan Maris na 1981, wani mutum ɗan shekara 33 a birnin Los Angeles, jihar Kalifoniya ta Amurka, ya kwanta da ciwon huhu. Kafin nan ya yi wata biyu zazzaɓi bai sake shi ba. Gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa, hantarsa ma ta taɓu. Bakinsa ya yi fari fat da wata funfuna da likitoci ke kira Kandida, a fitsarinsa kuma aka ga bairos ɗin da ake kira CMV. Da aka ɗebo ɗan yanki daga huhunsa aka duba a madubin likita, sai ga Nimosistis, ƙwayar cutar da ba a saba ganinta a jikin babban mutum mai lafiya ba. Aka ba shi haɗin maganin da a wajenmu aka fi sani da Septrin, aka ba shi pentamidin, aka ƙara da asaikulobir. Babu wanda ya tsayar da ciwon. Ranar 3 ga Mayu ya rasu. Binciken gawa ya nuna sauran Nimosistis da CMV a huhunsa, amma babu sankara ko kaɗan, wadda ita ce da ma likitoci ke neman su ɗora wa laifi.

Ba shi kaɗai ba ne. Daga Oktoban 1980 zuwa Mayun 1981, maza biyar 'yan shekara 29 zuwa 36 suka kwanta da irin wannan ciwon huhu a asibitoci uku na birnin. Ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 30, lafiyarsa ƙalau har watan Janairu, sai Kandida ta kama masa baki ta gangara bututun abinci. Aka yi magani ta tafi, ciwon huhu ya biyo baya, aka yi maganinsa, Kandida ta dawo. Wani mai shekara 36 ya zo da tari da haki da zazzaɓi na wata huɗu, CMV kuma ta riga ta shiga bayan idonsa. Mutum ɗaya ne kawai a cikinsu yake da tarihin babban ciwo, sankarar Hodgkin, ita ma an yi masa maganinta shekara uku kafin nan. Ba su san juna ba. Dukkansu maza ne masu neman maza 'yan'uwansu, dukkansu suna da Nimosistis, suna da Kandida, suna da shaidar CMV.

Michael Gottlieb, matashin likitan garkuwar jiki a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, shi ma shekararsa 33 a lokacin, shi ya tara labarin, tare da Joel Weisman wanda ya turo masa wasu daga cikin majinyatan, da Wayne Shandera, jami'in hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ke aiki a yankin. Ranar 5 ga Yunin 1981 rahoton ya fito a mujallar mako-mako ta hukumar. Gajere ne, ba ma shi aka sa a gaba ba. Biyu daga cikin biyar ɗin sun riga sun rasu, sauran ukun ma ba su daɗe ba. Daga wannan rana duniya ke ƙirga tarihin ƙanjamau.

Ƙwayoyin da ba baƙi ba ne

Abin da ya ɗaure wa likitocin kai ba tsananin ciwon ba ne, irin ƙwayoyin da suka kawo shi ne. Babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Kandida tana zaune a bakin mutane da hanjinsu lami lafiya. CMV tana jikin yawancin manyan mutane a duniya, ta shiga tun ƙuruciya ta yi lamo, mai ita bai ma san da ita ba. Nimosistis kuwa, galibin yara sun riga sun shaƙe ta kafin su kai shekara huɗu.

Tarihin Nimosistis da kansa yana faɗin halinta. Carlos Chagas ya fara ganinta a Burazil a 1909, ya zaci wani mataki ne na rayuwar wata ƙwaya dabam, har sai a 1912 da aka gane ita mai zaman kanta ce. Ba ta zama abin tsoro ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ta riƙa kashe jarirai masu tamowa a gidajen marayu na Turai. Daga baya ta koma kan masu sankarar jini da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, wato mutanen da magani ya danne musu garkuwa da gangan. Sai a 1988 aka tabbatar dangin funfuna ce. Ko ta ina aka duba ta, ƙadangaren nan ne da ba ya shiga sai bango ya tsage.

Saboda ƙarancin ciwon, pentamidin, wanda asalinsa maganin ciwon barci ne da ake amfani da shi a Afirka, ba a sayar da shi a kantin magani a Amurka a wancan zamani. CDC kaɗai ke raba shi daga Atlanta, sai likita ya cika takarda ya faɗi dalili. Wata ma'aikaciyar hukumar, Sandra Ford, ita ta lura a farkon 1981 cewa takardu na ta zuwa, musamman daga New York, a kan samarin da ba a rubuta musu wani dalilin raunin garkuwa ba, ta kuma rubuta wa shugabanninta. Ni a ganina wannan na cikin abubuwan da ya kamata ma'aikatan ajiyar bayanai su riƙa tunawa: gurbin da aka bari babu rubutu a takarda shi ya fara yin magana.

To ina bangon ya tsage? A jami'ar Gottlieb akwai wani abokin aiki, Robert Schroff, da ke gwada sabuwar dabarar rarrabe fararen ƙwayoyin jini da ƙirga kowane iri dabam. Da aka ƙirga na majinyatan, sai aka ga iri guda ya kusa ƙarewa: ƙwayoyin T masu taimako, waɗanda a yau kowa ke kira CD4. Mai lafiya yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowane ɗan ɗigon jini mai milimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. A jinin waɗannan mutane sai an yi da gaske ake samunsu. 'Yan'uwansu masu kisa, CD8, suna nan. Gottlieb ya buga cikakken bayani a mujallar likitanci ta New England a Disambar 1981, inda ya karkata ga zargin CMV a matsayin sanadi. A nan ya yi kuskure, amma kuskure mai uzuri: CMV tana jikin dukkansu, kuma an san tana ɗan raunana garkuwa. Ashe ita ma ta tarar da ƙofa a buɗe ne.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne na ɗaukar ciwon a matsayin na wani rukunin mutane. Ranar 3 ga Yuli aka ba da rahoton maza 26 masu sankarar fata ta Kaposi a New York da Kalifoniya, wannan ya ƙara ƙarfafa zaton. Amma a Yulin 1982 sai ga masu ciwon rashin daskarewar jini da ake yi wa ƙarin sinadarin jini, a Disamba ga jarirai, a Janairun 1983 ga mata da suka ɗauka daga mazajensu. Jini ne da jima'i da haihuwa, ba wani abu ba.

Aikin wanda ba ya riƙe da makami

Ƙwayar CD4 ba ta haɗiye ƙwayar cuta, kuma ba kisa ne babban aikinta ba. Izini take bayarwa. In ba a fahimci wannan ba, ba za a fahimci dalilin da rashinta ke rusa komai ba.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin fata, da jikin huhu, da hanji, akwai wasu ƙwayoyi masu rassa da ke sintiri. In sun ci karo da baƙo sai su gutsuro shi, su ɗauki guntun su tafi da shi kaluluwa mafi kusa. Shi ya sa kaluluwa ke kumbura in mutum ya ji ciwo a ƙafa. A can sai su ɗora guntun a kan wani faifai da ke jikinsu, mai suna MHC na biyu, suna nuna wa ƙwayoyin T da ke wucewa. Kowace ƙwayar T baƙo guda ta sani, don haka sai an dace da wadda guntun ya yi wa daidai. In an dace, furotin ɗin nan CD4 da ke bayanta, wanda da shi aka raɗa mata suna, sai ya kama gefen faifan ya riƙe, ya jawo wani sinadari mai suna Lck daga ciki, shi kuma ya kunna jerin saƙonni har cikin cibiyar ƙwayar. Ko a nan ba ta tashi sai mai nunin ya ƙara mata shaida ta biyu cewa lallai haɗari ne. Jiki ba ya yarda da shaida ɗaya, don kada ya far wa kansa.

Da zarar ta tashi, sai ta fara aike. Saƙonninta ƙananan furotin ne da ake kira saitokin, kowanne da wanda aka yi dominsa. IL-2 na cewa a hayayyafa, ƙwaya ɗaya ta zama dubbai cikin 'yan kwanaki. Intaferon-gama na zuwa wurin makrofaj, babbar ƙwayar nan mai haɗiya. Makrofaj na iya haɗiye ƙwayar tarin fuka ya ajiye ta a cikinsa da rai, har ta hayayyafa a ciki, sai wannan saƙo ya iso kafin ya hura wutar da za ta narkar da ita. IL-17 da IL-22 na zuwa ga fatar cikin baki da hanji da al'aura, su sa ta fitar da nata maganin funfuna, ta ɗinke ɓarakarta, ta kira mayaƙa. Akwai kuma saƙon da ba a aika shi, sai hannu da hannu: wani furotin mai suna CD40L da ƙwayar CD4 ke taɓa ƙwayoyin B da shi, wato fararen ƙwayoyin jini masu ƙera antibodi, furotin ɗin da ke manne wa baƙo, don su daina harba kibau barkatai su ƙera mai kaifi da ya dace da baƙon. Da shi kuma take taɓa masu sintiri, su sami ikon tayar da ƙwayoyin CD8 da kyau, waɗanda ke gadin bairos irin su CMV tsawon rayuwa.

Yanzu a koma kan gadon majinyatan Gottlieb. Kandida a baki da bututun abinci: saƙon IL-17 bai iso ba. Nimosistis a huhu: makrofaj na nan a cikin jakunkunan iska, amma ba wanda ya umarce shi, ƙwayoyin B ma ba a taɓa su ba. CMV a ido: masu gadi sun rasa mai tsaya musu. Sankarar Kaposi ma daga baya, a 1994, Yuan Chang da Patrick Moore suka gano wani bairos ne ke jawo ta, HHV-8, shi ma daga cikin masu lamo. Kowane ciwo yana nuna wace igiya ce ta tsinke.

Mai karatu na iya cewa wannan duk hasashe ne da aka gyara bayan an ga sakamako. Hujjar da ta fi gamsar da ni ba daga masu ƙanjamau ta zo ba, daga yaran da aka haifa da lahani a saƙo guda ta zo. A 1993 aka gano cewa akwai yara maza da ake haifa ba su da CD40L mai aiki. Ƙidayar CD4 ɗinsu daidai take, amma ciwon da ke fara kai da yawa daga cikinsu asibiti shi ne ciwon huhu na Nimosistis. A 1996 aka bayyana wasu yara a tsibirin Malta da jikinsu ba ya jin intaferon-gama, su kuma dangin ƙwayar tarin fuka ke addabarsu. Waɗanda hanyar IL-17 ta lalace musu, Kandida ce ba ta barin bakinsu da farcensu. Kowannensu igiya ɗaya ya rasa, ya sami ciwo iri ɗaya. Mai ƙanjamau ya rasa wanda ke riƙe da dukkan igiyoyin.

Akwai kuma wani abin mamaki da Clifford Lane da Anthony Fauci suka bayyana a 1983. Jinin masu ciwon cike yake da antibodi, fiye ma da na mai lafiya. Ƙwayoyin B na ta zuba ba tsayawa, amma in aka kawo musu sabon baƙo ba sa iya amsawa. Kaza ce ta kwana a kan dami, kuma da yunwa.

Da ɗan gari akan ci gari

A Mayun 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na Cibiyar Pasteur da ke Faris suka ba da labarin wani sabon bairos da suka ciro daga kaluluwar wani majinyaci. A 1984 ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka ya tabbatar shi ne sanadin ciwon, a 1986 aka daidaita a kan sunan HIV. Ɗan mitsitsi ne, ƙwayoyin gadonsa tara kacal. A ƙarshen 1984 aka gano ƙofarsa, sai ga shi ba wata ba ce illa furotin CD4 da kansa. Wani ƙaho da ke bayan bairos ɗin, gp120, shi ke kama CD4. Sai a 1996 aka gano akwai sakata ta biyu, CCR5 ko CXCR4, su ma kunnuwa ne da ƙwayar ke jin kira da su in ana nemanta a wurin da ciwo yake. Ke nan da hannun da take karɓar saƙo da kunnen da take jin kira ake shiga mata.

In ya shiga, sai ya kwafe bayanansa ya dasa su a cikin kundin gadon ƙwayar. A nan ne wayon ya kai matuƙa. A 1987 Gary Nabel da David Baltimore suka nuna cewa makunnin bairos ɗin yana amsa NF-kB, ɗaya daga cikin sinadaran da ke tashi a duk lokacin da ƙwayar T ta sami kira. Ƙwaya tana barci, bairos yana barci. Da zarar an tashe ta don ta yaƙi mura ko zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka, sai ta fara ƙera HIV. A 2002 Daniel Douek da abokan aikinsa suka nuna abin da ya biyo bayan wannan: ƙwayoyin CD4 da aka yi musamman don gane HIV sun fi sauran kamuwa da shi, domin su ke rugawa inda yake.

Sai kuma ƙananan furotin ɗinsa masu aikin ɓoye. Nef yana janye CD4 daga bayan ƙwayar ya tura shi inda za a narkar da shi, yana kuma sauke faifan MHC na ɗaya, wanda ƙwaya ke ɗaga wa masu kisa don ta ce akwai baƙo a cikina. Bai sauke duka ba. Jiki yana da wasu masu gadi, ƙwayoyin NK, da ke kashe duk wadda suka gani babu faifai ko ɗaya. Don haka Nef yana sauke nau'in A da B, waɗanda CD8 suka fi dogara da su, ya bar abin da zai sa NK su wuce. Vif yana lalata APOBEC3G, sinadarin da ƙwaya ke ɓata rubutun bairos da shi. Vpu yana kwance tetarin, igiyar da ƙwaya ke ɗaure sababbin bairos da ita don kada su fita. Darajar Nef ta fito fili a Ostareliya, inda wasu mutane a Sidni suka kamu ta ƙarin jini daga mutum ɗaya wanda bairos ɗinsa ke da Nef gurgu. Sun yi shekaru masu yawa ciwo bai kayar da su ba, ko da yake daga baya ƙidayar wasunsu ta fara sauka.

Hayaniyar da ta fi shiru illa

Duk da wannan, akwai lissafin da ya daɗe bai fita ba. In aka duba jinin mai ɗauke da HIV, ƙwayoyin CD4 da ke ɗauke da bairos ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. To me ke kashe sauran?

Amsar ta zo guntu-guntu. A 1995 da 1996 David Ho, George Shaw da Alan Perelson suka rushe tunanin cewa bairos ɗin barci yake yi a shekarun nan kusan goma da mutum ke yawo lafiya lau. Kullum ana ƙera bairos wajen biliyan 10 a jikin wanda ba ya shan magani, kullum jiki na cike gurbi, har ya gaza. Mutumin nan na Los Angeles da aka ce lafiyarsa ƙalau har watan Janairu, ƙarshen dogon yaƙi likitoci suka tarar.

Na biyu, ana duba jini ne alhali ɓarnar tana hanji. Mafi yawan ƙwayoyin garkuwar jiki a bangon hanji suke zaune, kuma na can sun fi ɗauke da CCR5. An fara ganin haka a jikin birai a 1998, aka tabbatar a jikin mutane a 2004: cikin makonnin farko na kamuwa, tun mutum yana zaton mura ce ko maleriya, an riga an share mafi yawan CD4 na hanji, musamman masu aika IL-17. Bangon hanji sai ya fara yoyo. A 2006 Jason Brenchley da Douek suka auna gutsattsarin bakteriyar hanji a cikin jinin masu HIV, suka ga yawansu na tafiya tare da yadda garkuwa ke tashe. Jiki na jin kira dare da rana, kira kuwa, kamar yadda aka gani, shi ne abincin bairos ɗin.

Ƙwayar da aka dame ta da kira tana gajiya. A wannan shekara ta 2006, bincike a kan majinyata a Durban ta Afirka ta Kudu ya nuna ƙwayoyin T masu yaƙi da HIV sun cika da PD-1, wani birki da jiki ke sa wa ƙwayar da ta daɗe tana aiki. Suna nan, ana ƙirga su, amma ba sa hayayyafa sosai, ba sa aike sosai. Kaluluwa ita ma, inda ake haɗuwa a yi nuni, tabo na cika ta a hankali har ɗakunanta su toshe.

Na uku ya fito daga Cibiyar Gladstone a San Francisco, a aikin Gilad Doitsh da Warner Greene da aka buga a 2014. A naman kaluluwa da suka gwada, fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin CD4 da suka mutu ba waɗanda bairos ya ci nasara a kansu ba ne. Waɗanda ya shiga ne suna hutawa, ya kasa kammala kwafin kansa. Ƙwayar ta ji gutsattsarin baƙon rubutu a cikinta, sai ta fasa kanta da gangan, ta watsa saƙon kumburi mai suna IL-1 beta. Saƙon ya kira wasu ƙwayoyin su kawo ɗauki, su ma su faɗa.

Wanda ke shakkar cewa hayaniyar ce ke kisa, ya dubi wani biri na dazuzzukan Afirka ta Yamma, mangabe mai launin toka, wanda daga bairos ɗinsa HIV-2, wato nau'i na biyu na HIV, ya samo asali. Jininsa cike yake da bairos, amma da wuya ya yi ciwo. Bambancin shi ne bayan makonnin farko garkuwarsa na lafawa, bangon hanjinsa kuma ba ya yoyo.

Tsani, da wanda ba ya bin tsani

Daga irin waɗannan majinyata likitoci suka koyi karanta ƙidaya. Ƙasa da 200, lokacin Nimosistis ne, kuma a nan ake cewa mutum ya shiga matakin ƙanjamau sosai. Ƙasa da 100, sai sanƙarau na funfunar Kiriptokokus da ƙurjin ƙwaƙwalwa na Tokzoplazma. Ƙasa da 50, sai CMV mai makantarwa. In aka auna da wannan tsani, mai shekara 36 ɗin nan da CMV ta shiga idonsa ya riga ya kai matakala ta ƙasa ranar da aka kwantar da shi a asibiti.

Tarin fuka ba ya jiran tsani. Ba rarrauna ba ne kamar Nimosistis, yana kayar da mai lafiya ma, don haka raguwa kaɗan a saƙon intaferon-gama ta ishe shi. Shi ya sa fuskar ciwon a Afirka ta bambanta da ta Los Angeles. A Yuganda a 1985 rama da gudawa aka fi gani, a wajenmu ma sunan da aka ba ciwon daga ƙanjamewar jiki ya fito, kuma har yau tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya. Yana da wani hali mai ruɗa ma'aikacin asibiti: ramukan da tarin fuka ke yi a huhu, garkuwar jiki ce ke haƙa su garin faɗa. In CD4 ta yi ƙasa sosai babu faɗa, babu rami, majina na iya fitowa ba komai, hoton ƙirji ya yi kyau, alhali ƙwayar ta bazu a jini da ɓargo da hanta. Don irin waɗannan aka samar da gwajin fitsari na LAM, mai gano tarin fuka.

Gwajin da ya raba gardama

In matsalar ƙidaya ce kawai, ai ƙara ƙidaya ya kamata ya wadatar. An gwada. Manyan gwaje-gwaje biyu, ESPRIT da SILCAAT, sun ɗauki mutane fiye da 5,000 masu shan maganin HIV, aka ƙara wa rabinsu allurar IL-2, saƙon nan na a hayayyafa. Sakamakon ya fito a 2009. Ƙidayar CD4 ta hau, ta kuma zauna a sama shekaru. Amma yawan masu kamuwa da cututtuka masu jiran dama da yawan masu mutuwa bai ragu ba. An cika gida da jama'a, ba a dawo da waɗanda suka san hanya ba.

Abin da ya yi aiki shi ne kashe hayaniyar daga tushe. AZT, maganin HIV na farko, ya zo a 1987 shi kaɗai, bairos ya saba da shi cikin watanni. Haɗin magunguna uku na 1996 shi ya sauya labari, tun daga 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa kowa magani da zarar an gano, ba tare da jiran ƙidaya ta sauka ba. Maganin ba ya taɓa bairos ɗin da ke kwance a cikin ƙwayoyi masu barci, waɗanda aka auna cewa sai wajen wata 44 rabinsu ke ƙarewa, shi ya sa shansa ba shi da ranar dainawa. Septrin ɗin da ya kasa ceton majinyaci na farko kuwa ya zama abin dogaro a matsayin rigakafi: gwajin da aka yi a Abijan aka buga a 1999 ya nuna ya rage mutuwar masu tarin fuka da HIV da kusan rabi.

Dawowar saƙo ma tana da nata haɗarin. Mutumin da ƙidayarsa ta yi ƙasa sosai, ƙwayoyin cuta sun taru a jikinsa ba mai ce musu uffan. Ya fara magani, bayan 'yan makonni CD4 ta fara dawowa, sai makrofaj da suka daɗe cike da ƙwaya su ji umarni gaba ɗaya. Zazzaɓi ya tashi, kaluluwa ta kumbura, majinyaci da danginsa su ce maganin ne bai karɓe shi ba, wasu har su ajiye shi. A wuya ko a ƙirji akwai wurin da kumburi zai faɗaɗa, shi ya sa mai tarin fuka na huhu ake fara masa maganin HIV cikin mako biyu da fara na tarin. A cikin ƙoƙon kai babu wannan wuri. Gwajin da aka yi a Yuganda da Afirka ta Kudu a kan mutum 177 masu sanƙarau na Kiriptokokus, wanda aka buga a 2014, ya kwatanta fara maganin HIV cikin mako ɗaya zuwa biyu da jinkirta shi zuwa mako biyar. Cikin wata shida, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gaggawa sun rasu, na waɗanda aka jinkirta wa kuwa kashi 30. Tun kafin a kai ƙarshe aka dakatar da ɗaukar sababbin majinyata. A yau ƙa'idar ita ce a fara kashe funfunar, a jira mako huɗu zuwa shida, sannan a fara maganin HIV.